Harsashi Ɗaya Kafin Asabar

Bindigogi uku Dewey ya jera wa Marlys Hovland a kan kantar shagonsa, ta rasa wadda za ta fara ɗauka.

Ranar Alhamis ce. Jibi Asabar 'yarta za ta kawo mata jikarta Opal, mai shekara huɗu, ta bar ta wata uku, don ta samu aiki a jirgin kamun kifi. Babu wani wurin da za a kai yarinyar. Gidan Marlys kuwa yana can ƙarshen hanyar tsakuwa, mil goma sha ɗaya daga gari, kuma akwai beyar, naman dajin nan mai gashi da manyan farata, a bakin rafin da ke bayan gidan. Ba baƙin nan mai gudun mutane ba, irin mafaɗacin da ake ce wa girizili ne, namiji, ƙato.

Ran Lahadin da ta wuce ya fito daga cikin duhuwa a guje ya banke ta a tsakar gida. Haƙarƙari biyu suka tsage, farcensa ya yage mata dantse. Ita da ta shekara sittin da uku tana faskaren itace ke nan. Tun ranar tunani ɗaya ke cin ta: da Opal ce a wurin fa?

"Ke dai taurin kai zai kashe ki," in ji Dewey, wanda tare suka yi makaranta. "Ki kira ma'aikatan gandun daji mana. Aikinsu ne."

"Kafin su gama cike takardu Asabar ta wuce. Nuna min kawai."

Ya ɗaga libarba mai nauyi kamar taɓarya. Ta riƙe da hannu biyu, bakin ya karkata ƙasa. Sanyin ƙashi ya gama da wuyan hannunta tuntuni.

"Wannan ƙafarki za ki harbe, tsohuwa. Ajiye."

Ta biyu doguwa ce mai madubin hange. Shi da kansa ya janye ta. Ta harbin nesa ce, ya ce, beyar kuwa idan ya taso daga taku hamsin, kafin mutum ya ƙirga uku ya iso. Ina lokacin leƙen madubi?

Saura gajeriya mai faɗin baki, mai cin dunƙulallen harsashi kamar babban yatsa. Dewey ya ce kada ta nufi goshi, ƙashin wurin a zame yake. Ƙirji za ta nema, ƙasa da haɓa, ta yi ta saki har sai ya daina motsi.

"Ba na son in yi ta saki," in ji ta. "Ɗaya nake so. Wanda ko ƙara ba zai yi ba."

"Kowa ɗaya yake so. Wanda aka ji wa rauni ya fi mai lafiya bala'i, wannan kin yi gaskiya. Babba ne sosai?"

"Shekararsa takwas. Yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu ta gaba, amma ba ta hana shi gudu."

"Lallai kin ƙare masa kallo."

Ya ɗora mata gwangwanin fesa barkono kyauta, ta tura masa abinsa. Barkono kora yake yi, wanda aka kora kuma dawowa yake.

Daga shagon ta zarce ramin da ake ɗibar tsakuwa, ta kafa kwali, ta ɗana. Harbin farko ya doke ta a kafaɗa, tsagaggun haƙarƙarin suka amsa, sai ga ta a durƙushe tana neman numfashi. Wayyo! Ta miƙe ta sake. Harsashi tara ta ɓata kafin ɗaya ya shiga tsakiya. Ta zauna a mota ta yi kuka mai isarta, sannan ta fito ta ƙara huɗu.

Ran Juma'a da safe 'yarta ta kira. Opal ta karɓe wayar tana zuba surutu, wai ta sa sababbin takalman roba a jaka, za ta je rafi ta ga kifi.

"Za ki gani, 'yar lele," in ji Marlys.

Tun hantsi ta tsaya a tsakar gida, bayanta jingine da tarin itace, bindiga a hannu. Sauro ya yi ta cizonta, ba ta ko kore shi ba. Rana ta take, ta karkata, duhuwar nan shiru. Sawunsa na nan sabo a cikin laka, warinsa ma iska na kawowa, amma ya ƙi fitowa. Ko ƙamshin man bindigar ya ji? Hannuwanta suka fara sagewa. In ya kai gobe, shi ke nan, motar za ta tsaya a nan, yarinya za ta diro ta ruga rafi kafin a sauke jaka.

Dabara ɗaya ta rage mata, wadda tun Lahadi take roƙon Allah kada ta kai ga yin ta. Ta share ido da bayan hannu, ta kafa gindin bindigar a kafaɗa, ta ɗora yatsa a kan kunama.

Ganyaye suka dare. Ya fito a guje, ƙasa na girgiza, taku hamsin, talatin, ashirin. Ta nemo ƙirjin, ƙasa da haɓa, ta ja.

Ɗaya ya isa. Ko ƙara bai yi ba.

Bai ma yi tunanin kaucewa ba, domin "Biskit, zo!" ta kira, shi kuwa bai taɓa jin wannan kira ya ƙi rugowa ba, tun ranar da ta tsince shi kusa da gawar uwarsa a bakin titi, bai fi kyanwa girma ba, ta rungumo shi gida ta shayar da shi madara da bulumboti a kan cinyarta.