Kwanon Fada

Tun ranar Litinin aka fito da kwanon daga akwatin gilashi. Sista Babba, shugabar makarantar, da kanta ta goge shi da farin ƙyalle, ta ɗora shi a kan teburin ɗakin taro. Farin kwano ne mai faɗin baki da hannu guda, fentin gindinsa duk ya ɗaye. Na Fada ne, limamin cocin da ya kafa makarantar. An ce a shekara ukun da ya yi yana jinya bai yarda an nisanta shi da shi ba, kuma a ɗakinsa aka same shi bayan ya rasu.

Shekara arba'in ke nan, duk ajin da zai fita sai ya sha a kwanon nan. Ba ibada ba ce, babu ruwan coci da ita, al'adar makaranta ce kawai. A cika shi da ruwan zuma, 'yan mata su yi layi, kowace ta kurɓa ta miƙa wa ta bayanta. Shugabar ɗalibai ce ta ƙarshe, kuma ita ke shanye abin da ya rage.

Bana Rediyo ce shugaba. Sunan bai zalunce ta ba, domin duk abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin a kaɗa ƙararrawar tashi ya gama zagaye makaranta. Tun tana aji ɗaya wannan al'ada take tayar mata da zuciya. Baki casa'in da shida! A ciki akwai mai mura, akwai mai miyau kamar famfo, akwai wadda take gaba da buroshi tun zangon farko. Duk su gama dagwalgwala abu, sannan a miƙo mata wai girmamawa ce.

Ga kuma kakarta, wadda ta rene ta. Tsohuwar ta ƙarar da ƙuruciyarta tana shara da wanki a gidan Fada, amma ba ta taɓa shiga ɗakin taro ranar shan kwano ba.

"Ko leɓenki kada ki kai," in ji Kaka.

"Saboda me, Kaka?"

"Bakinki ba ya riƙe magana. Na ce kada ki sha, shi ke nan."

Washegari Rediyo ta je ofis, ta rusuna, ta roƙi a ɗauke mata. Sista Babba ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta jawo wata takarda ta ajiye a tsakaninsu. Takardar shaidar hali ce, wadda kwalejin koyon jinya ta ce in babu ita kada ma yarinya ta taka ƙofarsu. An buga komai, sa hannu kaɗai ya rage.

"Ni ma na sha a shekarata," in ji Sista. "Wadda ta raina al'adar makarantarta, me kike so in rubuta a kan halinta?"

Rediyo ta fito ranta a ɓace. Shekara shida tana ƙona ido a kan littafi saboda kwalejin nan, ga shi yanzu komai ya rataya a kan yawun mutane.

Ranar Asabar, bayan addu'ar safe, ɗakin taro ya cika da iyaye. Tsofaffin ɗalibai sun zo da ankonsu, har da masu share hawaye. Kaka ta tsaya a waje gindin bishiya.

Layi ya fara tafiya. Rediyo tana kallon kwanon yana matsowa, kowane baki yana barin shaidarsa a gefe. Mai mura ta ja hanci, ta kurɓa, ta sake jan hanci. Wata ta ƙware, ta yi tari a ciki, aka yi dariya aka wuce.

Da ya iso hannunta, kwanon ya yi ɗumi. Abin da ya rage a gindi ya yi kauri, kumfa tana yawo a sama tare da ɓurɓushin burodi. Ta ɗaga ido, ta hangi takardar a hannun Sista, ta rufe ido ta kafa kai. Sau uku abin yana neman dawowa tana danne shi, har ta kife kwanon kowa ya ga babu ko ɗigo.

Tafi ya ɓarke. Sista Babba ta sa hannu a gaban jama'a, ta rungume ta.

Rediyo ta fito da takarda a hannu, tana tofar da yawu a kowane taku. Kaka ta dubi bakinta, ta yamutsa fuska, ta ja da baya.

"Kin sha."

"Na sha, Kaka, ga takardata. Yanzu sai ki faɗa mini dalili, ko kuwa in yi ta binki har gida."

Tsohuwar ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"Da Fada ya rasu an ba ni hutun sati biyu. Ina dawowa na tarar sun sa abin nan a gilashi, manya sun zo sun yi jawabi a kansa, har an sha na farko. Ni mai shara, wa zan tunkara in kunyata?"

"To mene ne a ciki? Ba kwanon shansa ba ne?"

"Kwanon sha a ƙarƙashin gado? Fo ɗinsa ne na fitsari, 'yar nan, shekara uku ni nake zubarwa kowace safiya."