Haƙarƙarin da Inna Ta Nema

Kai mai cewa sai abu ya kammala za ka miƙa, zauna ka ji. An yi wani tela da mahaifiyarsa ta daɗe a kwance, ko kunu da ƙyar yake wuce mata. Ran nan da sassafe sai ta buɗe ido ta ce ba abin da ranta ke so sai kyafaffen haƙarƙarin rago, irin wanda marigayi mijinta ke yi mata bayan Layya. Tela kamar ya taka rawa, yau tsohuwa ta nemi abinci da bakinta! Ya watsar da ɗinkin mutane a kan keke, ya garzaya mahauta ya zaɓo mai maiƙo. A bayan ɗaki ya hura gawayi cikin rabin ganga, ya bari wuta ta kwanta sai garwashi, ya shafe naman da gishiri da yaji, ya ɗora a kan waya, ya kifa masa kwano. Haka ya ga ubansa na yi: hayaƙi ke dafa haƙarƙari a hankali, kuma ba a saukewa sai ƙashi ya zare da kansa.

Ƙamshi ya cika gida, har ɗakin mai jinya. Da azahar ƙanwarsa ta leƙo ta ce, "Yaya, Inna fa tana tambaya. Yanko mata ko gefe ne." Ya ce haba, bayan duk wannan jira a kai mata abin da bai kai na Baba ba? Ta sake dawowa, ya sake korarta. Kaico, taurin kai! Da ƙashi ya zare kuma, maimakon ya ruga da shi, sai ya ce bari ya sha iska kada ya ƙona mata baki. Yana tsugune yana yi wa nama fifita ya ji salati ya tashi daga ɗaki.

Kafin magariba an kai ta makwancinta. Maƙwabtan da suka haƙa kabari suka dawo da yunwa, aka miƙa musu naman a akushi. Suna ci suna cewa ba su taɓa ɗanɗana nama mai laushi irin wannan ba. Tela na zaune gefen ganga, baƙin ciki ya hana shi ko kuka, yana jin kowace kalma. Inna ta tafi da ƙamshi kawai. Shi ya sa Hausawa ke cewa, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.