A Ba Shi Biyar

Ranar da aka kawo takardun, har rawa Direba ya taka a ɗakin cin abinci.

Wai sabon tsari ne. Da can manya kaɗai ke auna hafsa. Yanzu na sama da shi za su ba shi maki, sa'o'insa su ba shi, mu ƙananan sojoji ma mu ba shi, kuma ba a sa suna. Wanda za mu auna shi ne Kyaftin ɗinmu, da muke kira Tsawa a bayan idonsa. Sau biyu ƙarin girma yana wuce shi. Idan ya sake faɗuwa, sai ritaya.

"Yau kaza ce alƙalin shaho!" in ji Kuku, yana kaɗa ludayi a tukunya.

Ni ba a daɗe da dawowata daga jana'izar 'yata ba. Rabona da dariya wata biyu, amma ranar na yi.

Da Turanci aka rubuta takardar, ni kuma ɗan karatuna ya fi nasu. Suka kewaye ni.

"Kofur, daga ɗaya zuwa biyar, wanne ne na banza?"

Na ce, "Kai Direba, a makaranta wa ake tafa wa, na ɗaya ko na biyar?"

Sai ihu. Biyar a jagoranci, biyar a adalci, biyar a kula da na ƙasa. Kuku ya danna biro har takarda ta huje. Direba ya kwaikwayi yadda Tsawa ya dawo daga wata tafiya kwanaki, tafukansa a naɗe da bandeji, ko sara wa Kanar ya kasa yi daidai.

"Hannun 'yan gata! Wataƙila shayi ne ya ƙona shi."

Bayan sati shida aka tara mu fareti, aka maƙala wa Tsawa anini na Manjo. Kuku ya kusa haɗiye harshensa.

"Kofur, wallahi maguɗi aka yi!"

Na ce ai kuwa, an yi.

Ni dai tambaya na yi musu, ban ce biyar ce ta banza ba. Kuma ba shayi ne ya sale masa hannu ba. Ƙasar garinmu tauri gare ta, shi kuwa ya ƙi sakin digar sai da ya gama haƙa kabarin 'yata.