Yatsun Hassana

Duk ranar da za a je ofishin rajista a Dutsin-Ma, sai Hassana ta kwana da lalle a hannu. Ba na kwalliya ba, mai kauri, irin wanda ke barin yatsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ta je, ta sake zuwa, na'urar ɗaukar zanen yatsa ba ta ga komai ba. Matan garinsu Wurma suka samu abin dariya: macen da ta ƙi aure, wa take yi wa ado?

Ba wasa ke kai ta ba. 'Yarta Sumayya za ta zauna jarrabawar shiga sakandare, an ce sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, yaro kuwa a ƙarƙashin lambar babba ake yi masa. Sunan Hassana na cikin na'ura tun shekarar da aka haifi yarinyar. Abin da ya rage, a ɗora yatsa, na'ura ta ce ita ce.

"Ga fuskata, ga hoton," ta ce wa Fauziyya, ma'aikaciyar wurin. "Me kuma kuke nema?"

"Inna, fuska takan yi kama da wata. Yatsa ne ba ya kama da na kowa. Ki bari lallen nan ya fita, sannan ki dawo."

Labari ya kai kunnen Alhaji Ilu, wan mijinta marigayi, mai sayar da hatsi a Katsina. Shi dama bai taɓa cire ido daga yarinyar ba. Ya aiko da magana a fili: in abin ya sake gagara, zai sa Sumayya a ƙarƙashin lambarsa, kuma 'yar da ke ƙarƙashin sunansa a gidansa za ta kwana. Dangi suka ce ya yi daidai.

Tun Sumayya na goye motar kasuwa ta kife da su a hanyar Kurfi. Jibril, uban yarinyar, ya mutu nan take, haka Usaina, 'yar'uwar tagwaicin Hassana, da ta rako su. Da uwar ce ta tafi, da a ranar nan Ilu zai naɗe jaririyar ya wuce, don haka ake yi. Amma ga uwa a gadon asibiti, ta ƙanƙame 'ya a ƙirji. Ya haƙura.

Ta sha wuya, wannan ba mai musu. Nono bai zo ba, aka ce firgita ce, da madarar akuya aka yi renon. Jaririyar ta daɗe tana ƙin bayanta, tana tsala ihu har muryarta ta dushe. Ita kuwa ta yi takaba ba ta leƙa ko zaure ba. Bayan ta fita, Hudu mai babur, wanda aka sa wa rana da marigayiyar, ya nemi ya riƙe ta da marainiyar. Ta kore shi da maganar da ba a faɗa wa mutumin kirki, ta shiga ɗaki ta kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Daddawa ta riƙa yi tana sayarwa, da ita ta ɗinka wa Sumayya kayan makaranta.

Da wa'adin rajista ya matso, ta zauna da lemun tsami da toka, ta dirje yatsunta har suka yi ja. Hudu ya ɗauke su ita da yarinyar. A hanya tana ta duban tafin hannunta.

Sun tarar Ilu ya riga su, yana zaune a benci da carbi.

Fauziyya ta goge gilashin, ta kama babban yatsan dama ta danna. Zane ya fito tar a allon, layi bayan layi, kamar kunyoyin gona. Na'ura ta yi shiru, sannan ta nuna ja. Aka gwada manuni. Ja. Aka koma hagu, aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ko wankin kalwa ne ya cinye mata su?" in ji Hudu daga bakin ƙofa.

"A'a, Malam, ta karanta su tsaf. Ta dai ce ba su ne na cikin rajistar ba." Fauziyya ta dubi hoton, ta dubi matar. "Ni ma abin ya ɗaure min kai. Zanen nan tun a ciki Allah ke yi wa mutum, ba ya canzawa. Ko tagwaye, kowa da nasa."

Matar ta janye hannunta, ta cusa cikin hijabi.

Ilu ya miƙe ya ɗora nasa. Kore, tun a karon farko.

Sumayya ta riƙe mata gefen zane tana kuka. "Inna, ki sake gwadawa mana! Na'urar ce ba ta da kyau."

"Lafiyarta lau," ta ce. "Ki bi Baffanki. Ki yi karatu. Ban da kuka a gidan mutane."

Ta tsaya har motar Ilu ta sha kwana, sannan ta hau bayan babur.

Da suka zo daidai maƙabartar Wurma, Hudu ya rage gudu ya cire hula, kamar yadda yake yi duk wucewa tun shekarar hatsarin.

"Allah ya jiƙan Usaina," ya ce.

Usaina, da ke zaune a bayansa da ranta, ta ce amin.