Ragon da Ya Ƙaryata Kwalba

Wa ya aike ku da wannan tambaya? Yara ƙanana da ku, wai me likitar Zariya take yi da ruwan raguna. Mu a zamaninmu ko gaban akuya ba ma kawo irin wannan zance. To tunda kunnuwanku sun riga sun kwaso, ku gyara zama, kuma wanda ya yi dariya ya san sauran.

Sunanta Dakta Mukarrama. Shekara uku tana yawo tsakanin Ikara, Makarfi da Kudan, da farar riga da akwatin ƙanƙara, tana ɗibar ruwan barbarar raguna a 'yan kwalabe. Ta ce a cikin ruwan akwai wasu sinadarai, kamar gishiri da daddawa a miya. In sun cika, rago zai ba tunkiya ciki. In sun gaza, ko ya kai ɗan maraƙi girma, ado ne kawai. Burinta talaka ya daina ciyar da ragon da ba zai ƙara masa ko ɗa guda ba.

Raguna talatin da tara ta auna, duka kwalba ta faɗi gaskiya. Na arba'in yana wani ƙauye kusa da Dandamisa, a gidan wani malami. Sunansa ba ruwanku, Malam dai.

Ragon Malam kuwa Tirela ake ce masa. Fari sol, ƙaho ya murɗe sau biyu, dusa da ƙowa yake ci har ya bar saura. Daga Hunkuyi ma a kan babur ake kawo masa tumaki, kuma wadda ta shiga gidan, bayan wata biyar sai haihuwa, sau da yawa tagwaye. Ƙafafun 'ya'yan dai gajeru ne, aka ce wajen uwa suka ɗauko.

Gidan yana da tsari. Da safe a kai tunkiya wurin Tirela a ƙofar gida, maza na kallo suna yaba Malam. Daga nan uwargidan ta karɓe ta zuwa cikin gida, ta sha ruwan kanwa ta huta har la'asar, don kada tafiya ta zubar da abin da aka samu. Ba namijin da ke leƙa wurin. Ba ma abin gani, daga turmi da kaji sai wani guntun rago mai yagaggen kunne, wanda duk shekara Malam ke so ya yanka, uwargidan kuma ta tuna masa layya ba ta yiwuwa da mai aibi.

Mukarrama ta auna ruwan Tirela. Kwalba ta ce babu komai. Ta dawo ta sake ɗiba, babu. Ta sake na uku, ta canza na'ura, ta wanke hannu har fata ta yi fari. Babu.

Da ta faɗa wa Malam, sai da ya cire hula don dariya.

“'Yar nan, je ki bakin rijiya ki ƙirga jikokinsa,” in ji shi. “In yatsunki sun ƙare na ara miki nawa.”

Ta je ta ƙirga. Sun fi sittin. Mutanen gari suka sa mata suna Likitar Kwalba, mai shayi ma yana tambayarta ko za ta auna masa butarsa. Saura mako biyu ta tsaya gaban manyan malamanta ta kare aikin, ga shi rago mafi suna a ƙasar ya ƙaryata ta. In awon ya yi kuskure a kan Tirela, wa zai yarda da shi a kan sauran? Ta yanke shawarar ta zo ta ba Malam haƙuri, ta koma ta ce musu shekara ukun sun tafi a banza.

Ta iso da hantsi, Malam ya tafi kasuwar Makarfi. Uwargidan ta dube ta sama da ƙasa, ta miƙa mata ƙwaryar fura.

“Sha. Kin rame kamar ba ki da uwa. Akwai sauran kwalba a akwatin nan?”

“Guda ɗaya, Inna.”

“Ɗauko ta ki biyo ni. Kuma abin da ido ya gani a cikin gida, baki ba ya fita da shi.”

Ba su daɗe ba. Mukarrama ta fito tana toshe baki da mayafi, hawaye na zuba, direbanta ya zaci kuka take yi. Bayan kwana huɗu ta bugo waya ta ce a gaya wa Inna ba ta taɓa ganin kwalba ta cika irin haka ba.

Ta kare aikinta, ta ci. Ta dawo da kanta, a gaban jama'a ta durƙusa ta ce wa Malam, “Baba, cikin duk ragunan da na auna, babu irin naka.” Ba ta yi ƙarya ba. Malam ya yafe mata, har ya ba ta zabi biyu, kuma har gobe in ya zauna a dakali labarin yadda ragonsa ya kayar da boko yake bayarwa.

To, kun ji. Ku tashi ku kwanta, ni zan kai wa mai yagaggen kunnen can harawa, don shi ya haifi rabin tumakin garin nan, kuma duk wanda ya kai wa kakanku wannan magana, bakinsa ba zai ƙara taɓa furata ba.