Allon Shagon Magani

In na ji warin kananzir, yammacin nan nake tunawa. Ina aji huɗu, Baba yana rubuta allon wani shagon magani a hanyar Ribah, burushinsa cikin gwangwanin kananzir. Mai shagon ya tsaya a kansa.

"Malam, yanzu fa kwamfuta ke buga wannan, har da hoton kwalba. Naka kalma uku kacal?"

Baba ya jingina allon da bishiyar mangwaro, ya dube ni.

"Ke, tsallaka titi ki wuce allon da gudu, ki faɗa mini abin da kika gani."

Na dawo ina haki. "Akwai Magani Nan."

"Ka ji," ya ce wa mai shagon. "Wanda ya ɗauko ɗansa da zazzaɓi a babur ba ya kallon kwalba."

Mutumin ya ce a bar shi haka.

Yau da kwamfuta nake zane, Baba kuwa ya rasu. Amma in na gama aiki, sai na ja baya na wuce shi da sauri. Abin da idona bai kama ba, gogewa nake yi.