Bencin Baba Maikano

Mako bakwai ke nan Baba Maikano bai taka majami'a ba. Yana kwance a ɗakinsa a Kausani, ƙafarsa ta dama a kumbure. Fartanya ce ta sare shi a gonar wake, ga shi da ciwon suga, sai wurin ya ƙi warkewa.

Fiye da shekara talatin shi ke buga ƙarfe a wata ƙaramar majami'ar Baptis da ke gefen garin Wudil. Tsohon wilin babbar mota ne aka rataye a jikin darbejiya. Duk Lahadi zai hau kekensa da sassafe ya je ya buga, mutane su taru.

A da, ikilisiyar tana da al'adarta. Idan aka ga wurin zaman mutum babu kowa Lahadi biyu a jere, matan zumunta za su dama kunu su tafi gidansa. Ba a aiko musu, ba a kiransu.

Sai mutane suka yi ta raguwa. Wasu sun koma Kano, wasu Abuja, tsofaffi kuma suna ta rasuwa. Aka kawo sabon fasto, Fasto Ɗantani, matashi mai himma. Ya ga bencina babu mutane, abin ya dame shi. Ya sayo lasifika, aka daina buga ƙarfe. Sanarwa ta koma waya. Ranar Laraba da ake zuwa duba marasa lafiya ta zama ranar fita neman sababbin mutane. Baba Maikano ya koma bencin baya. Da ya daina zuwa, ba abin da ya tsaya, don haka ba wanda ya tambaya.

Maƙwabcinsa Malam Yahuza ne ke leƙo shi, matarsa Sharifa kuma ta aiko da koko.

"Maikano, ƙafar nan ta fara wari," in ji Malam Yahuza. "Tashi in ɗora ka a babur mu je asibiti."

"'Yan'uwana za su zo, Malam. Su za su kai ni."

"To bari in je in faɗa musu."

"Kada ka je. Mu ba a roƙon ziyara. Bencina yana can, za su gani."

"Kai dai taurin kanka ya fi ƙarfen da kake bugawa. Mako nawa yanzu?"

Tsohon ya yi murmushi ya juya fuskarsa bango. Duk Laraba sai ya sa a buɗe masa ƙofa, ya sa rigarsa mai kyau, yana sauraron tafiyar mutane.

A mako na takwas wani mai adaidaita ya gaya wa fasto cewa akwai wani tsoho Kirista a Kausani da ba ya zuwa ko'ina sujada. Fasto ya yi murna. Ranar Laraba da hantsi ya ɗauki takardun gayyata, ya tafi tare da Mama Saratu, shugabar zumuntar mata.

Mama Saratu ta tsaya a waje suna gaisawa da Sharifa. Fasto ya yi sallama ya shiga shi kaɗai. Ɗakin da duhu, tsohon ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Da ya ji muryar fasto sai ya yunƙura zai zauna.

"Kun zo," in ji shi. "Na gaya wa Malam za ku zo."

Fasto ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya miƙa masa takarda.

"Baba, daga majami'ar Baptis ta Wudil muke. Muna gayyatarka ka zo ka yi sujada tare da mu. Ka san inda take kuwa? Akwai wata darbejiya a ƙofar."

Baba Maikano ya dubi takardar, ya dubi fasto.

"Ni na shuka ta," in ji shi.

A lokacin Mama Saratu ta ɗaga labule. Ta ga fuskar, ta ga ƙafar, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah! Baba Maikano! Ni na zaci kana Zariya wurin 'yarka!"

"Wa ya ce miki?" in ji tsohon.

Ba wanda ya ce mata. Haka kawai ta zata, haka ma kowa ya zata.

A ranar suka kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon ya riga ya shiga jini, da an kawo shi wata guda da ya wuce da an ceto shi. Kwana biyu ya yi ya rasu.

Ranar jana'iza majami'ar ta cika har waje. Waɗanda suka koma Kano sun zo, na Abuja ma sun zo. Malam Yahuza ya tsaya a gindin darbejiya har aka fito. Fasto ya je yi masa godiya.

"Ba sai ka gode mini ba, Fasto," in ji shi. "Koko kawai na iya ba shi. Ku yake jira. Da biyu daga cikin jama'ar nan sun zo masa yana da rai, da ya ishe shi."

Takardun gayyatar suna nan a aljihun Fasto.

Jama'a, neman sababbin mutane abu ne mai kyau. Amma ikilisiyar da ba ta san wanda ya ɓace daga cikinta ba, ba za ta iya riƙe wanda ya shigo ba. Wannan Lahadi ku dubi wurin da babu kowa, ku tambayi mai shi, ku tafi gidansa tun yana iya amsa sallama.